Jirgin Badun bai jira Baba ba

Shekarun baya, ba a daɗe da samun mulkin kai ba, na yi wata tafiya da mahaifina daga Dakoro zuwa Ibadan, garin da mu muke ce wa Badun. Abin da ya tuno mini da ita shi ne gardamar da na ga ana ta yi a nan kwanakin baya, wai wanne ya fi a doguwar tafiya, mota ko jirgin ƙasa. Na yi dariya, don na san yawancin masu gardamar ko hayaƙin jirgi ba su taɓa shaƙa ba. Ni na shige shi sau ɗaya a rayuwata, kuma ya ishe ni.

Mahaifina yana da wa, uwa ɗaya uba ɗaya. Tun kafin a haife ni ya kora shanu ya yi Kurmi, ya zauna a Badun, har ya zama mai gidan da fataken shanu ke sauka. Lokacin da mahaifiyarsu ta rasu, bai iso Dakoro ba sai bayan an yi sadakar arba'in. Ya shigo zaure cike da mutane, ya miƙa wa mahaifina hannu, mahaifina ya kawar da kai. Washegari ya koma, kuma shekara ashirin ba su ƙara jin ɗuriyar juna ba. A gidanmu ba a ambaton wannan magana, amma kowa ya san da ita.

Damina ta sauka, ana noman farko, wani ɗan fataucin shanu ya dawo daga Kurmi ya yi sallama a ƙofar gidanmu. Ya ce wan Baba yana kwance, jiki ya ƙi, kuma ya ba shi saƙo guda: "Ka hwaɗa ma ƙanena, hannun nan nawa har yanzu yana miƙe." Baba ya miƙe. Ya shiga ɗaki ya daɗe, da ya fito sai ya ce wa mahaifiyata ta haɗa mishi kaya.

Ni aka zaɓa in raka shi, don na yi shekara uku a lakkwal, wato makarantar boko, ana ganin duk wata takarda ta duniya ba za ta gagare ni ba. Ni ma haka nake ganin kaina. Inna ta cika akwatin ƙarfe da cuku da man shanu, ta ɗaure geron fura a ƙaramin buhu, ta ce mara lafiya ya sha furar gida. Guzurin kuma ta ɗinke shi cikin wata ɗamara tare da takardunmu, ta ɗaura mini a ƙugu da hannunta. Sannan ta ja ni gefe.

"Babanka ka san shi, kowa nashi ne," in ji ta. "Kai za ka zam idonshi. In kun kai Kano, duk wanda ya yi maka murmushi, tahin hannunka bisa ɗamara. Ba a yi ma baƙo alheri banza."

Wannan magana ta shige ni fiye da yadda ita kanta ta nufa. Dama ni tun ina yaro ba na yarda da mutum da wuri. Sai ga shi an ba ni lasisi.

Ya kamata in gaya muku yadda mota take a wurinmu a lokacin, don a nan maganar take. Babbar mota ce mai bodin katako, an gitta benci a baya, mutane a kai, buhuna da awaki a ƙarƙashi. Takan zo ranar kasuwa, ta tashi idan ta cika. Direban ya san kowa da ubansa. Idan ka ce za ka tafi aka duba ba a gan ka ba, sai a aika gida a kira ka. Idan lokacin sallah ya yi, duk dattijon da ya buga jikin motar da tafin hannu, an tsaya ke nan, kuma ba mai tayar da inji sai na ƙarshe ya shafa addu'a. Baba ya taɓa tsayar da ita a Kornaka don kawai ya yi wa wani ta'aziyya, mutum talatin suna zaune suna jiran shi, ba wanda ya ga abin mamaki. A haka muka kai Maraɗi, muka kwana, muka bi ta Jibiya da Katsina har Kano. Ƙashin bayana kamar an daka shi a turmi.

A tashar mota ta Kano muka haɗu da mutumin da har yau nake kira mai lema, don wata baƙar lema da yake dogarawa kamar sanda. Laifin Baba ne. Muna sauka ya tsaya gaisawa da mai sayar da goro, kafin in sauke akwati ya ba shi labarin tafiyarmu kaf, har da unguwar da wansa yake da sana'arsa. Sai ga wannan mutum ya matso, siriri, da ɗan gemu, yana murmushi. Na kai hannu kan ɗamara.

"Baba, sannunku da hanya. Wanga harshe na gida nika ji. Dakoro ko?"

Baba ya washe baki. Mutumin ya ce shi ɗan Kornaka ne, yana kai-da-kawo tsakanin Kano da Kurmi, kuma ya san wan Baba sarai, a gidanshi yake cin tuwo in ya je Badun. Na kasa kunne da kyau, sai na lura duk abin da ya faɗa, Baba ya riga ya faɗe shi da bakinsa a gaban mai goro. Na ce bari in gwada shi.

"To yaya kamanninshi suke?"

"Dogo ne, kama da Baba. Kwanan nan yana hwama da tari."

Na ce a raina, lalle. Wan dogo ai dogo ne, kuma wane mara lafiya ne ba ya tari? Hausar ma da yake yi irin tamu, na ɗauka koyo ya yi don irin wannan rana.

Sai ya kawo shawara. Ya ce akwai babbar mota da za ta tashi Badun da safe, ya san direban, zai sa a ba Baba gidan gaba. "In kun ji tawa, ku shiga mota. An hi shan wuya, ba ni yi muku ƙarya. Amma jirgi bai san dattijo ba."

Nan na ce biri ya yi kama da mutum. Ɗan kamasho ne, yana neman ya cika wa ubangidansa mota, in ma ba wani abu ne ya fi haka ba. Na riga na ji a Maraɗi cewa jirgi ya fi sauri, ba ya faci, ba ya kafewa a laka, ba a tsayar da shi a shingen da ake tare motoci da shi in an yi ruwan sama. Mu kuma da lokaci muke tsere. Na ce wa Baba jirgi za mu shiga. Baba ya dube ni ya dubi mutumin, ya ce, "To, shi ya yi lakkwal." Mai lema ya yi mana fatan alheri ya tafi, ni kuma na ji kamar na ci yaƙi.

Da hantsi muka shiga jirgi. Gaskiya abin ya burge ni, ɗakuna a jere kamar unguwa guda ta tashi tafiya. Na tura akwati ƙarƙashin benci, na ɗora ƙafa ɗaya a kai, na rungume buhun gero. Ban gama zama ba na ɗaga kai, sai ga baƙar lema a rataye a bencin da ke kallon namu.

"Na sake shawara," in ji shi, yana murmushin nan nasa.

Mutumin da jiya ya rantse mota ta fi, yau ga shi a jirgi, a ɗakinmu, a gabanmu. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Tun daga nan ban ƙara kallon taga ba, shi nake kallo. Ya ba Baba goro, na karɓe na ce sai an jima. Ya ce in kawo buhun ya ɗora mini a sama in huta, na ce na gode, a nan ya fi mini daɗi. Baba kuwa hira suke ta yi kan rijiyoyin Kornaka da wanda ya mutu da wanda ya rage. Ni ina cewa a raina, ka ji shi, yana tatsar tsoho.

A Zariya jirgin ya tsaya ya daɗe. Baba ya ɗauki buta da buzunsa ya sauka, ya yi alwala a natse, ya yi azahar, ya yi lazimi, ya dawo ya zauna, sannan jirgin ya yi kuka ya tashi. A Kaduna ma haka aka yi da la'asar. Baba ya gyara zama ya ce, "Ashe wanga direba ɗan mutunci ne. Ka ga sai da na gama." Mai lema ya ce, "Baba, ba kai ya jira ba. Ruwa ya sha, kuma lokacinshi ne bai yi ba. Ƙananan tashoshi ba a sauka." Baba ya yi dariya. Ni kuma, maimakon in ƙarfafa wannan magana, sai na tsaya tunanin me ya sa mutumin nan ba ya son mu riƙa sauka.

Muka kwana muna tafiya. Asuba ta same mu jirgi na gudu, Baba ya yi sallah a zaune, ba da son ransa ba. Ya yi ta gunaguni cewa wannan ba sallah ba ce, gabas tana ta yawo, yanzu tana gabansa, an jima tana kafaɗarsa. Rana ta ɗan ɗaga sai jirgin ya tsaya a wata 'yar tasha cikin daji, kafin a kai Jabba. Ɗaki ɗaya ne da kwano da bishiyar mangwaro. Baba ya miƙe, ya ɗauki buta da buzu, ya ce zai rama sallarsa a ƙasa kamar mutum.

Na ce, "Baba, bari mu kai babbar tasha."

"Raka'a biyu ce," in ji shi. A bakin ƙofa ya haɗu da mai duba tikiti, ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ɗana, hwaɗa ma direba shi dakata mani kaɗan." Mutumin ba ya jin Hausa sosai, ya dai gyaɗa kai ya wuce. Baba ya ɗauka an gama magana.

Da na bi shi, da ba a yi wannan labari ba. Amma na dubi akwati, na dubi mai lema, na ce wannan damar yake jira. Na zauna. Sai shi mai lemar ya miƙe, ya ɗauki lemarsa da 'yar jakarsa, ya dube ni kamar zai yi magana, ya fasa, ya sauka.

Ta taga ina ganin Baba ƙarƙashin mangwaro ya tayar da kabbara. Yana ruku'u jirgin ya yi kuka. Yana sujada na ji ƙarfe ya ja ƙarfe. Na zabura na yi bakin ƙofa da buhun gero a hannu, ina ihu, "Ku tsaya! Akwai mutum!" Na buga jikin jirgin da tafin hannu, irin yadda muke yi wa mota a gida, har hannuna ya yi ja. A lokacin tafiyar ba ta fi ta jaki ba, da na dira da na sauka lafiya. Amma na waiwaya na dubi akwatin da ke ƙarƙashin benci. Wannan waiwayen shi ne abin da na fi jin kunya a rayuwata. Kafin in juyo, ƙasa ta fara gudu.

Na ga Baba ya sallame ya taso da gudu, babbar riga tana harɗe shi, ya miƙo hannu zai kama ƙarfen ɗakin ƙarshe. Sai na ga mai lema ya rungume shi ta baya ya riƙe gam. Baba yana fizga, shi yana riƙe. Haka suka yi ta ƙanƙancewa har kwana ta ɓoye su.

Ba sai na gaya muku abin da na fahimta ba. A wurina an gama, makircin da nake zato tun Kano ya tabbata, ya raba ni da tsohon da gangan. Ga Baba ba ko sisi a jikinsa, ba takarda, ba ya jin kowane yare sai Hausa, don komai yana ƙuguna. Na samu mai duba tikiti na zuba masa duk Faransancin da na koya a shekara uku. Ya saurare ni har na gama, ya amsa da Turancin Ingilishi, muka tsaya muna kallon juna. Nan ilimin lakkwal ya ƙare.

Wata dattijuwa 'yar kasuwa, Bakatsina, da ke zaune kusa da mu tun Kano, ita ta jawo ni ta zaunar. Na ce a tasha ta gaba zan sauka in koma. Ta ce, "Ka koma da mi? Jirgin da za shi arewa sai gobe. Wancan da ya riƙe shi, ba ka ga ƙahwar tsohon ta kusa shiga ƙarƙashi ba? Ya san hanya, titi na kusa da wurin. In ka koma sai ku yi saɓani. Ka tahi inda za ku." Na dube ta, ina tunanin ko bakinsu ɗaya da shi. Na zauna dai, ba don na yarda da ita ba, sai don ban san abin da zan yi ba. Na kifa kai a kan buhun gero na yi kuka, ni da nake ganin na isa aure.

Sai kuma sauri ya haifi nawa. Mun ƙetare gadar Jabba ba da nisa ba jirgin ya tsaya cik a tsakiyar daji. Aka ce ruwan sama ya wanke ƙasar da ke ƙarƙashin dogo a gaba, sai an gyara. Jirgin da bai iya jiran raka'a biyu ba, ya tsaya kwana biyu cur. Mota in hanya ta lalace takan ratse ta daji, ko fasinja su sauka su tura. Shi wannan ba inda za shi. Na zauna a kan akwatina, ba abin da ya ɓata a ciki ko cuku ɗaya, ina jin kamar in jefar da shi ta taga.

Sai a rana ta uku da rabuwarmu, da la'asar, na isa Badun. Na ɗora akwati a ka, ina tambaya har na kai unguwar Hausawa. Tun daga bakin layin na hango tabarmi a shimfiɗe a ƙofar wani gida, mutane zaune jugum. Na ce shi ke nan, wan ya tafi, ƙanen kuma na zubar da shi a daji. Ina matsowa sai na ga buzun da na sani. Baba ne zaune a kai, a tsakiya, yana karɓar gaisuwa.

Na sauke akwati na durƙusa a gabansa. Baba ya dafa kaina.

"Ka iso? Yau da hantsi munka kai shi."

Na ce, "Baba, kun gana?"

"Jiya da azahar na shigo. Ya gane ni." Ya buɗe tafin hannunsa na dama yana kallo. "Ya miƙo, na kama. Ban saki ba har anka kira magariba."

Daga baya ya ba ni sauran labarin. Mai lema ya fita da shi titi, suka tari wata babbar mota da ta ɗauko albasa, ya roƙi direban ya ba Baba gidan gaba, shi ya hau bisa buhuna ruwa na dukan shi, lemar ma iska ta karya ta. Sun kafe a laka sau biyu, sun kwana a Ilori. "Amma duk sallah sai da ya tsaya mani," in ji Baba, yana kallona ta gefen ido. Bai ƙara ko kalma a kan wannan ba, har ya bar duniya.

Mai lema yana nan a gidan, yana ta shige da fice da kwanonin abinci, yaran gidan suna kiran shi kawu. Ashe da gaske a nan yake cin tuwo. Na same shi a bayan zaure na gaishe shi, na kwance ɗamara zan ba shi abin da ya kashe. Ya ture hannuna. Amma halin mutum ba ya barin shi, sai da na tambaye shi abin da ke cina tun Kano.

"Kai da ka ce mota ta hi, mi ya kai ka jirgi?"

Ya yi dariya. "Samari, tun tasha na gane ka. Hannu ɗaya bisa ɗamara, ɗaya bisa akwati. Na duba ban ga wanda ka bar ma tsohon ba."

Da za mu koma gida, ba wanda ya ta da maganar jirgi. Motar goro muka bi, kwana shida, na iso Dakoro ina tafiya kamar wanda ya yi sukuwa a kan raƙumi. Inna ta karɓi ɗamararta ta ga ba abin da ya taɓa ta, ta yi ta sa mini albarka, tana cewa ta san ɗanta ba ya barci. Baba bai tona ni ba. Sai bayan shekaru na gaya mata gaskiya.

To masu tambayar wanne ya fi, ni ba zan raba muku gardama ba. Jirgi ya fi daɗin zama, wannan ba shakka. Motocin yanzu ma na ji an ce sun koyi halinsa, suna tashi da agogo, ko uban wa aka bari. Kuma kada ku ɗauka na warke, har gobe in baƙo ya cika murmushi sai na ji hannuna ya nufi aljihu. Abin da ya canza guda ne. Duk lokacin da zan yi tafiya da wani nawa, tsoho ko yaro, kayan nakan ba wa wani ya riƙe, ko a sace. Da mutumin nan ya biye wa kallon da nake yi masa ya bar mu a Kano, da Baba ya isa Badun tare da ni, da akwatinmu cif, bayan an dawo daga maƙabarta.